Igamar Goggo a Hanyar Ɗa'ifa

Mu mutanen Makka, idan zafi ya kai mana iya wuya, Ɗa'ifa muke gudu. Garin yana can bisa duwatsu, ka tashi da hantsi ka isa tun kafin azahar, amma iskarsa sai ka rantse ba ƙasa ɗaya muke ba. Tun ina yaro duk hutu sai mun je. Mu hau tilfirik, motar nan mai tafiya a jikin waya tsakanin duwatsu, mu gasa nama a dutsen Shafa, mu sayo rumman da inabi, mu dawo gida da mura. Kowa a gidanmu ya je har ya gaji, ban da Goggo.

Goggo 'yar'uwar mahaifina ce, irin dangantakar da idan aka fara warware maka ita sai shayinka ya huce. Daga ƙasar Kano ta zo aikin Hajji tun ba a haife ni ba, mijinta ya rasu a nan, ita kuma ta zauna. Ba ta da igama, wato katin izinin zama. Shekara talatin da wani abu tana toya masa a wani lungu na unguwar Mansur, ido ɗaya a kan tanda, ɗaya a bakin titi. Ko mai gadin shago ta hango da kaki sai ta sauya hanya. A hanyar Ɗa'ifa kuwa akwai shingen askarawa, wato jami'an tsaro, inda ake duba takardu. Don haka duk shekara ita ke ɗaure mana guzuri, ta rako mu bakin ƙofa tana cewa, "Ni me zan yi da dutse? Ga duwatsu nan ko'ina a Makka." Mu ma sai mu yi dariya, don babu wanda yake son ya kalli idonta a lokacin.

Bayan doguwar zirga-zirgar da ta kusa cinye takalman mahaifina, Allah ya yi, igama ta fito. Goggo ta naɗe katin a leda, ta naɗe ledar a hankici, ta ɗinka wa hankicin 'yar jaka ta rataya a wuya kamar laya. Washegari ta aiko a kira ni.

"Ranar Juma'a za ka kai ni Ɗa'ifa," ta ce.

"Goggo, ke da kika ce ba ruwanki da dutse?"

"Wa ya ce maka dutse zan je gani? Askar nake so ya tare ni ya ce ina igama. Ni kuma in miƙa masa."

Ƙanwata, wadda Hausarta rabi Larabci ce, ita ta ba ni labarin cewa har gwaji suke yi a ɗaki. Ita ce askar, Goggo na zaune a bakin gado a matsayin mota. Wai ba a miƙa kati da sauri, kada a ce tsoro kake ji, kuma ba a miƙa shi da yanga, kada a ce raini ne.

Ranar muka kama hanya mu uku. Goggo a gaba, sabuwar abaya, turare har yana shaƙe ni. Tun ba mu wuce Muzdalifa ba ta fara kwance ƙulli. Da muka iso shingen, ta gyara zama, ta riƙe katin a hannun dama. Askar ya leƙo, ya ga iyali ne, ya yi mana hannu mu wuce. Na wuce.

"Shi ke nan?" in ji Goggo.

"Shi ke nan, Goggo."

"Koma."

Wanda ya san Hada, hanyar da ke hawa dutsen Ɗa'ifa, ya san ba a komawa. Kwana ne bayan kwana a jikin dutse, ƙasa kuwa rami ne da ba a son kallo. Na yi mata bayani, ba ta saurare ni ba. "Wannan ne na yi shekaru ina ɓoye masa? Wannan mai ɗaga hannu kamar yana korar ƙuda?" Haka ta yi ta mita har muka kai inda birai ke taruwa a gefen titi. Wani ƙaton biri ya dira a kan motar, ya manna fuska a gilashi, ya ƙare mana kallo ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta yi wuf ta tura katin cikin riga, sannan ta ce, "Yawwa. Ga wanda ya san aikinsa."

Daga nan ranar ta zama farauta. Duk wani wasa da ake yi a kan dutsen nan sai da Goggo ta ce a kai ta, ba don wasan ba, don ko za a dace da mai tambayar takarda. A wurin tilfirik ta ajiye katin a gaban mai sayar da tikiti, ya turo mata shi da ɗan yatsa yana murmushi. Ba yadda ta iya, ta shiga. Motar na barin ƙasa ta runtse ido ta kama Ayatul Kursiyyu, ta damƙe hannuna har na ji ƙashi ya yi ƙara. Can tsakiya hazo ya rufe mu, sanyi ya shigo ta 'yar taga. Ta buɗe ido ɗaya, ta shaƙi iskar, ta ce, "Ƙanshin safiyar damina."

A gonar wardi ba wanda ya tambaye ta. Mai hayar raƙumi ma bai tambaya ba, ita kuma ta ce ba za ta hau abin da ke mata kallon banza ba. A Shafa muka bi wata hanyar ƙafa mai hawa dutse saboda ta hango mutum da hula irin ta ma'aikata a can sama. Tsohuwar nan da nake tausayi ta bar mu a baya, ni da ƙanwata muna haki muna dafa gwiwa. Da muka cim mata, ashe mai sayar da zuma ne. Haushi ya sa ta saya.

Da la'asar muka iso filin dabbab, babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da ake haya ana tayar da ƙura. Ni ne ma na yi niyyar hawa. Mai hayar, wani mutum mai furfura a gemu, ya miƙo hannu ya ce, "Hawiyya walla igama." Wato katin ɗan ƙasa ko na zama.

Ban san lokacin da aka ture ni gefe ba. Goggo ta miƙa katin daidai yadda suka yi gwaji, ba sauri, ba yanga. Mutumin ko dubawa bai yi ba, ya zura shi a aljihun gaba ya nuna mata babur.

"Me ya yi?" ta tambayi ƙanwata. "Ina ya kai min?"

"Goggo, rahan ne, ya'ani jingina. Idan kin dawo da dabbab, halas, shi ke nan, zai ba ki."

Na ce a fasa, in ba shi nawa. Goggo ta ce ita ba ƙaramar mutum ba ce da za ta miƙa abu ta ce a dawo mata da shi. Ta tattare abaya, ta yi bisimilla, ta haye. Aka nuna mata inda ake dannawa da babban yatsa. Filin ga shi nan shimfiɗe har gindin dutse, amma Goggo ba ta nufi can ba. Mai hayar ta shiga zagayawa. Yana tsaye a tsakiya, tana kewaya shi a hankali, idonta ƙur a kan aljihunsa. Ya matsa, ta bi shi. Ya koma rumfarsa, ta zagaye rumfar.

"Ya hajja, filin yana can!" yake ihu yana nuni da hannu biyu.

"Ki gaya masa filina yana aljihunsa," ta ce wa ƙanwata, wadda dariya ta riga ta durƙusar da ita.

Sai dai wani abu ya faru a zagaye na ban san nawa ba. Yatsanta ya ɗan ƙara nauyi, babur ya zabura, ya miƙe da ita. Na yi salati na bi ta da gudu. Ashe ba tsoro take ji ba. Goggo ce har ƙarshen fili, mayafi na kaɗawa a baya, tana rangaɗa guɗa ita kaɗai. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Da ta dawo ta karɓi katinta, ta duba gaba da baya, ta goge shi da gefen mayafi, ta ce mutumin ya sa masa gumi.

Muka kama hanyar dawowa. Ta mayar da katin cikin leda, cikin hankici, cikin jaka, ta ƙulle. "To, an ga Ɗa'ifa," ta ce. "Allah ya yi maka albarka." Wannan albarkar ta fi zagi yi mini ciwo. Raina ya ɓaci, ban ma san da wa nake fushi ba.

Rana ba ta faɗi ba muka sauko shingen shiga Makka. Askar ɗin wani matashi ne, har ya ɗaga hannu zai sallame mu na taka birki. Na leƙa ta tagata, na yi ƙasa da murya na gaya masa da Larabci, a taƙaice, na roƙe shi don Allah ya tambaye ta takarda. Ya dube ni, ya dubi Goggo. Sai ya zagaya ta wajenta, ya ɗaure fuska, ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Igama, ya hajja."

Na zaci murna za ta yi. Sai na ga Goggo ta nutse cikin kujera, ta ja mayafi ta rufe fuska, hannunta na laluben marfin mota. "Innalillahi," take faɗa. Duk gwajin da aka yi a bakin gado ya tafi. Na yi da-na-sanin buɗe bakina.

Ƙanwata ce ta dafa kafaɗarta daga baya. "Goggo, kina da ita. Tana wuyanki."

Ƙullin da ta kwance cikin ƙiftawar ido da safe ya ƙi kwantuwa. Motoci na ta ham a bayanmu, askar bai ko waiwaya ba, ya tsaya yana jira. Da katin ya fito, ya karɓa, ya dubi hoton, ya dubi fuskarta, ya karanta sunanta da na mahaifinta da ƙarfi. Sannan ya miƙa mata da hannu biyu. "Komai daidai, ya hala. Tafaddali." Wato inna, bisimilla ki wuce.

Na ja mota muka wuce. Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba, katin kuma na kan cinyarta a fili.

"Sunan babana ya kira," ta ce can. "Tun da na baro gida ban ji shi a bakin kowa ba."

Sai da muka shigo gari ta face hanci, ta juyo ta harare ni.

"Juma'a mai zuwa ma za mu koma. Kuma kada ka sake roƙar min askar, na ji ka sarai. Ka bari ya tambaya da kansa."