Uwar Kwalabe da Madobiyar Ƙarshe

Da safe takan rataye mayafi a ƙusar bayan ƙofa, ta sa farar riga, ta goge hannuwa da sifirit har gwiwa, ta kunna 'yar fitila. Daga nan bakinta ya mutu. A gida kuwa, in ta fara hira, sai dai ka nemi wurin zama.

Uwar Kwalabe ake kiranta a ɗakin gwaje-gwajen tsirrai da take aiki. Aikinta ta yanko tohon madobiya ɗan mitsitsi, ta ɗora shi da hantsaki a kan abincin da aka dafa masa cikin kwalba, har ya yi 'ya'ya, ya yi saiwa. Wallahi abin yana ba ni mamaki har yau: itacen da ke gajiyar da zarto, ga shi ana renonsa kamar jariri!

Masu katako sun cinye madobiyar yankin, saura wata tsohuwa miƙaƙƙiya, ita ma aka wayi gari an kwantar da ita. Rassan da aka tsinto aka kawo mata. Kwalba bayan kwalba fumfuna ta cinye, har ya rage guda ɗaya. In wannan ta tafi, irin ya tafi ke nan.

Ranar da take rarraba wannan tohon, yayanta kafinta ya kawo mata ziyara. Ya tsaya bayan gilashi ya yi sallama, ya ƙara. Abokan aikinta sun ce hawaye ya taru a idonta, amma ko kai ba ta ɗaga ba, don numfashi ɗaya kan buɗaɗɗiyar kwalba ya isa ya kai mata cuta. Ya juya ya tafi a fusace.

Da yamma ta same shi a shago, ta durƙusa cikin garin katako.

"Yanzu aikin naki har ya fi ƙarfin sallamata?" in ji shi.

"Yaya, ka yafe ni. Kai in ka yi fushi za ka huce. Ita madobiyar kwalbar nan in ta mutu, shi ke nan."

Uwar Kwalabe, ke ce kika zaɓi a ce miki mai girman kai a kan a rasa irin. Ke ce mai raya kututture! Daga kwalbar nan ɗaya aka cika rumfar renon dashe, manoma suka yi ta ɗiba.

Yanzu da za ki ajiye aiki, mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Masu tasowa, ku koyi riƙon amana irin nata, ko ba wanda zai tafa muku. Yayan ma ya koya: ya dasa ɗaya a ƙofar shagonsa, ya kewaye ta da waya. Wani ya ce masa nan gaba za ta yi kujeru masu kyau.

Ya ajiye zarto ya ce, "Wannan 'yar ƙanwata ce. Taɓa ta ka gani."