Ramar da Hananiya Ya Shuka a Hamada

Hananiya mutumin Mangu ne, can Jihar Filato. Aikinsa a Doha haɗa wa shuka ruwan da zai riƙa zuwa da kansa, ko da mai lambu ya yi wata bai leƙa ba. Na san shi ne a gidan da nake gadi a Nu'aija, ranar da tiyon lambu ya fashe aka kira kamfaninsu. Ina zaune bakin ƙofa sai na ji wani a durƙushe cikin taɓo yana cewa, "Kai tiyon nan ba ka da mutunci."

Na ce, "Sannu da aiki."

Ya ɗago da laka har goshi. "A'a! Baba, kai ma namu ne?"

Na ce masa sunana Ɗantala, daga Jos na zo a direba, da ido ya ragu aka mai da ni ƙofa. Tun daga ranar ban sake jin sunana a bakinsa ba, Baba kawai.

Ubansa ɗan noman rani ne, mai dankali da kabeji a bakin rafi. Hananiya ya ce tun yana yaro bokiti ya cinye masa kafaɗa, shi ya sa da ya shiga makarantar koyon sana'a bai kalli komai ba sai famfo da tiyo. A nan Doha kafil ɗinsa, wato mutumin da ya ɗauko shi aiki kuma takardar zamansa take hannunsa, yana da ɗan kamfanin shuka lambuna, yana kuma da gona can arewa, bayan inda kwalta ta ƙare. Hananiya ne ya haɗa ruwan gonar duka. Ya taɓa kai ni na gani. Tanki ne a kan ƙafafun ƙarfe, da farantin sola da batir, sai wani ɗan akwati mai agogo a ciki. Kafin rana ta fito akwatin zai buɗe ruwa da kansa, ruwan ya bi baƙin tiyo mai ƙananan huji, yana ɗiga a gindin kowace shuka. Da yamma ya sake buɗewa. Gishirin ruwan wurin yakan toshe hujin, sai Hananiya ya bi su ɗaya ɗaya da allura, yana yi musu faɗa kamar 'ya'yansa.

"Baba, ruwa a ƙasar nan ba zuba shi ake ba," in ji shi. "Ɗiga shi ake, kamar maganin ido."

Matarsa Kaneng nas ce, suna zaune a wani ɗan ɗaki a Al Mirqab. Ita ce ta dawo daga hutu da irin rama a ƙulle cikin hankici, don ta ce komai ta haƙura da shi a ƙasar nan ban da kwaɗon rama da ƙuliƙuli. Hananiya ya je ya tambayi kafil ko zai bar shi ya shuka ganyen miya a ƙarshen gona, bayan tsohon garken raƙuma inda ba mai zuwa. Kafil yana kan waya, ya kaɗa hannu ya ce, "Yalla." Iyakar izinin ke nan.

Da guntayen tiyon da aka yar ya haɗa wa ramar nata ruwan, da nata ɗan akwatin agogo. Ya kewaye wurin da koriyar raga saboda iska mai zafi. Ran Juma'a kaɗai yake zuwa. Ramar ta ji taki ta ji ruwa, ta tashi har ta fi mutum tsawo.

Da ta yi yawa sai ya fara shanya ganyen a inuwa, ya ƙulla a baƙaƙen leda, ya kawo kasuwar Souq Waqif. Mutanenmu, 'yan Nijeriya da 'yan Zangon Ghana, sukan taru da yammar Juma'a a bayan wani gidan abinci inda Masahudu yake girki. Masahudu ɗan Kumasi ne, bakinsa ba ya hutawa, kuma shi ne na farko a layin karɓar rama kullum.

"Sarkin Noma ya iso!" haka yake ihu. "Massa, ina nawa? Wancan da ka ba ni ko miya biyu bai yi ba."

"Kai da cikinka kamar tankin gonarmu," in ji Hananiya. "Yi shiru mana, ba za ta ishi kowa ba."

Sai ya matso ya zura masa ledar a aljihu. Haka yake yi wa kowa. A gida ba a miƙa wa mutum kyautar abinci a gaban jama'a, don kada wanda bai samu ba ya ji ciwo, kada wanda ya samu ya ji kunya. Tarbiyya ce. Ba wanda ya taɓa tunanin yadda baƙar leda mai busasshen ganye, tana wucewa daga hannu zuwa aljihu, za ta kasance a idon wanda ba namu ba. Mu ganyen rama miya ne. Ba mu taɓa kallon yadda ganyen ya rabu yatsu-yatsu mun ga wani abu daban ba.

Aka kawo sabon mudir, wato manajan gona, daga wata ƙasa da ba a cin rama. Yana zagaye ya kai bayan garken raƙuma, ya ɗaga raga. Ya ga shuka doguwa mai ganye yatsu-yatsu, a ɓoye a ƙarshen duniya, ruwa yana zuwa mata da kansa ba mai gadi ba mai lambu. Bai tambayi kowa ba. Bai tsinki ganye ya ɗanɗana tsaminsa ba. Ko kafil bai kira ba. Ya ɗauki hoto, ya ce ya kama gonar wiwi, ya kira 'yan sanda.

A bakin aiki aka ɗauki Hananiya, da sifana a hannunsa.

Hukuma ban ga laifinta ba. An kawo mata ƙara mai nauyi, ta bincika, ta kai ganyen inda ake gwaji, aka ce ba shi ba ne, aka sallame shi. Da a nan maganar ta tsaya da ban ɗauki biro ba.

Kafil ne ya ƙi saukowa. Motocin 'yan sanda sun shiga gonarsa maƙwabta suna kallo, abin ya tsaya masa a wuya. Shi kuma mudir, maimakon ya ji kunya, sai ya ƙaro wata. Ya ce to, na gona an gwada, na cikin leda fa? Leburori sun gaya masa Hananiya yana fita da ƙulle-ƙulle kowace Juma'a. Wa ya gwada waɗannan?

Kafil ya kira Hananiya ya ce masa, "Ka kawo min mutanen da kake ba ledojin nan. Su zo majalisina Juma'a bayan la'asar, su faɗa da bakinsu abinci ne. In sun zo, ka ci gaba da aikinka. In ba su zo ba, na soke takardarka."

Hananiya har dariya ya yi da yake gaya min. "Baba, wannan ai mai sauƙi ce. Falonsa ma ba zai ɗauke su ba."

Kaneng ta zauna da waya. Wata nas da suke coci ɗaya ta ce an canza mata lokacin aiki. Wani mai gyaran lantarki ya ce shi sau ɗaya ya karɓa, kuma bai ma ci ba, zubarwa ya yi. Wani ya ce matarsa ta hana shi. Da yawa wayar ta yi ta ƙara ba su ɗauka ba. 'Yan cocinsu da 'yan masallacinmu, ranar tsoro duk addini ɗaya suka yi. Kuma a bayan fage, a cikin wayoyinsu, waɗannan mutanen ne suka fara kiransa Hananiya mai ganye, suna tura wa juna hoton da mudir ya ɗauka. Mutanen da suka san ɗanɗanon ganyen da ke cikin hoton!

Na ce bari in je wurin Masahudu da kaina, tunda in ya tashi wasu za su bi shi. Na same shi a ƙofar baya yana yankan albasa.

"Baba Ɗantala, ka zo da magana, na gani a fuskanka."

"Juma'a za mu je gidan kafil ɗin Hananiya."

"Mu wa?"

"Ni da kai da duk wanda ya ci."

Ya ajiye wuƙa ya leƙa ciki, ya rage murya. "Baba, ka san garin nan. Ka je ka ce ka karɓi leda, gobe a ce kai ma kana ciki. Ni ina da yara a Kumasi."

"Shi Hananiya a bishiya ya tsiro? An gwada, an ce rama ce."

"Na gona aka gwada."

Na tsaya ina kallonsa. Maganar mudir ce a bakinsa, ko gishiri bai ƙara mata ba.

Na ce, "Masahudu, abin da ke cikin ledar a tukunyarka ya shiga. Da hannunka ka dafa, ka kira ni na ci. Me ka ci?"

"Ni fa ban san shi sosai ba. Gaisuwa ne kawai."

"Sarkin Noman naka?"

"Baba, wasa ne wannan. Kowa ina ma shi wasa."

Shekaruna sun wuce na ɗaga murya a bayan gidan abinci. Na ce masa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya ce shi bai iya aski ba, ya koma kan albasarsa.

Ran Juma'a Kaneng ta yi kwaɗo da ragowar ramar da ke ɗakinsu, ta zuba a kwano mai murfi. Muka tafi mu uku. Hananiya ya sa farar riga mai guga. A mota yana ta duba waya, yana cewa wataƙila wasu sun riga mu isa, wataƙila sun ɓata hanya.

Majalisin kafil babba ne, kujeru jere a jikin bango, duk babu kowa sai shi da mudir. Aka zuba mana gahawa. Kafil ba mugun mutum ba ne a fuska, ya girmama furfurata, ya ba ni wuri kusa da shi. Na buɗe kwano, na yi bismilla, na ci a gabansa. Da ɗan Larabcin da na tsinta a bakin ƙofa na ce masa wannan abincin ƙasarmu ne, uwata ta ba ni, ni ma na ba 'ya'yana, kuma shi ne abin da ke cikin kowace leda. Na miƙa masa kwanon. Ya duba, ya yi murmushi, bai taɓa ba.

Ya juya ga Hananiya. "Ina sauran?"

Hananiya ya kalli ƙofa.

"Ka ce min suna da yawa. Na ga matarka, na ga tsoho abokinka. In abinci ne, me ya hana su zuwa?"

Wannan tambaya ita ta kashe mu, don ba ta da amsar da Balarabe zai gane. Ta yaya zan ce masa mutanena sun san gaskiya sarai, tsoro ne kawai ya fi musu ita? Kujerun nan da ba kowa sun yi wa mudir shaidar da bai iya kawowa da kansa ba. Yana gefe yana latsa waya, ko kai bai ɗaga ba.

Muka jira har aka kira magariba. Kafil ya tashi, ya gyara mayafin kansa, ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare.

Aka soke takardar. Hananiya ya nemi wani kamfanin kafin lokacin da aka ba shi na barin ƙasar ya cika. Masu lambuna a Doha sun san juna, labari kuma ya riga shi isa ko'ina. Duk inda ya je sai a ce za a kira shi. Mutumin da ya haɗa ruwan gidaje da gonaki ba iyaka a garin nan, ya rasa wanda zai ba shi tiyo ɗaya ya riƙe. Kaneng kuwa kwantiraginta bai ƙare ba, kuma karatun 'ya'yansu a gida a kanta yake. Dole ɗaya ya tafi ɗaya ya zauna.

Da safen da zai tashi na je Al Mirqab in taya shi ɗaure kaya. Yana durƙushe yana fama da zip ɗin jaka aka ƙwanƙwasa. Kaneng ta buɗe. Masahudu ne, da kwalbar turare a cikin kwali, yana murmushi.

"Madam, na zo in yi ma ɗan'uwana Allah kiyaye hanya."

Ta tsaya a bakin ƙofar, hannunta a jikin katako. Ba ta karɓi kwalin ba, ba ta matsa ba.

Hananiya ya ɗaga murya daga ciki. "Kaneng, waye?"

Ta ce, "Ba kowa."

Ta rufe ƙofa.

Ni na raka su filin jirgi. Da muka sauka, Hananiya ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Baba, ka riƙa leƙa ta." Na ce to.

Yana Mangu yanzu, yana haɗa wa masu dankali famfo. Ita tana nan, tana fita aiki ta dawo ɗaki ita kaɗai. Ina leƙa ta kamar yadda na yi alkawari. Har yau suna taruwa a bayan gidan abincin da yammar Juma'a, an ce min wani lokaci har sukan ce Allah sarki Hananiya, mutumin kirki. Ni dai ƙafata ba ta sake taka wurin ba.