Ranar da Aka Ce In Kira Sunan 'Yar Fari

Ina tsakiyar wanke hannu a ɗakin awon masu ciki, a ƙaramin asibitin da nake aiki a Nguru, waya ta shigo daga lambar da ban sani ba. Muryar mace ce, Hausarta irin ta mutanen kudu da suka daɗe a cikinmu, ga fara'a kamar mun saba. Ta ce ita ce malamar ajin 'yata a Gashuwa, ranar Asabar za su yi bikin ranar iyaye mata, lallai in zo.

Na ce mata ta yi ɓatan kai, uwar yarinyar tana can Gashuwa kusa da su.

"Na sani, Mama," in ji ta. "Ita ma zai zo. Amma yarinya da kansa ya ce a kira ki."

Na ce to kawai na kashe wayar.

Yarinyar ita ce 'yata ta fari. Mu mutanen shanu ne da suka zauna gari tun zamanin kakana. Shanun sun ragu, amma kunyar ɗan fari ko kaɗan ba ta ragu ba. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Ana yaye tawa, yayar mijina ta zo ta goye ta ta tafi da ita Gashuwa. Allah bai ba Yaya haihuwa ba, kuma duk dangi sun san yarinyar nan ita ce ranta. Ita yarinyar ke kira Inna. Ni Adda take ce min, kamar wata yayarta, ni kuma in zance ya kama sai in ce "ta Gashuwa". Ta san ni na haife ta, ba a ɓoye mata ba, amma magana ce da ba a ɗauko ta. Shekararta tara a lokacin, kuma sunanta bai taɓa fita daga bakina ba.

Kada wani ya ce duhun kai ne. Na yi boko, na karɓi haihuwar matan da ban san adadinsu ba, kuma bakina ba ya shiru, duk asibitin sun san ni da faɗa. Amma haka uwata ta yi wa yayanmu, haka na tashi na gani, ban taɓa jin abin ya tsaya min a wuya ba sai ranar nan.

Mijina ya ce in je mana, ai zama ne kawai da shan lemo. Shi komai a wurinsa zama ne da shan lemo. Na kira Yaya don kada ta gan ni kwatsam. Ta ce, "Ai na ji. Sai kin zo." Ban ji daɗin muryarta ba.

Bazara ce, tun hantsi motar haya ta zama tanda. Na sauka a Gashuwa jikina sharkaf, na hau adaidaita zuwa makarantar. Ƙaramar makarantar kuɗi ce, an kafa rumfa a gindin darbejiya, an jera kujerun roba. Malamar ta taro ni da gudu, 'yar siririya mai gilashi, ta riƙe hannuna biyu. Tana jan ni tana ba ni labari. Wai bara da suka yi bikin, wani yaro maraya ya shige bayan aji ya yi ta kuka, ita ma ta kwana ba ta runtsa ba. Saboda haka bana ta ce ba uwa kaɗai ba, kowane yaro ya faɗi wanda yake so a kira masa, kaka ce, goggo ce, uba ne, duk ɗaya. Wallahi niyyarta mai kyau ce, har yau ban ce ba haka ba.

Kuma da gaske an cika kala-kala. Ga wata tsohuwa Babadiya, 'yar ƙabilar Bade, da ƙamshin bandar kifi bai bar zanenta ba, ta zo wa jikanta. Ga Barebari cikin lafaya, turarensu ya cika rumfar, suna ta gaisuwarsu ta wushe-wushe da juna. Ga matan kudu da manyan ɗaurin kai. Can gefe wani dillalin shanu da matarsa ta rasu ya takure shi kaɗai cikin mata, hularsa a gwiwa, kamar wanda aka kawo kotu.

Kowane yaro kujera ɗaya aka ajiye masa. Tawa kaɗai aka ajiye wa biyu, a jere, a sahun gaba. Yaya tana kan ɗaya, ta sha sabon leshi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba tare da ta dube ni sosai ba, na zauna a gefen ɗaya kujerar.

Sai malamar ta ɗauki lasifika ta faɗi yadda za a yi. Yara sun saƙa mafitai na kaba da hannunsu. Kowane yaro zai fito ya tsaya a tsakar fili da nasa. Wanda ya zo dominsa zai tashi, ya kira sunansa da ƙarfi kowa ya ji, ya faɗi abu ɗaya mai kyau game da shi, sannan yaron ya taho ya miƙa kyauta.

Na saci kallon Yaya, ita kuma ta ƙura wa fili ido.

Aka fara daga can ƙarshen sahu. Wata mai shagon magani 'yar kudu ta ƙwala wa ɗanta kira har da waƙa, ya rugo ta ɗaga shi sama, ƙaton yaro, ƙafafunsa na reto. Aka yi tafi. Tsohuwar nan Babadiya ta kira jikanta, ta ce ba ya satar mata kifi sai kaɗan, aka fashe da dariya. Dillalin shanu ya miƙe, muryar da yake cika kasuwa da ita ta ƙi fita, da ƙyar ya kira 'yarsa, mata suka hau share ido. Ni dai layi nake kallo yana matsowa, kujera bayan kujera. Na ce a raina ai da sauƙi, Yaya za ta tashi ta kira, ni in yi tafi tare da jama'a. Na yi ta nanata wa kaina haka, zufa na bin bayana.

Sai ga yarinyar ta fito. Ta yi tsawo tun ganina da ita na ƙarshe, an yi mata kitso ƙanana, safarta fara tas. Mafici biyu ne a hannunta, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ta tsaya tana murmushi, kuma ni take kallo, kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba.

Malamar ta ce cikin lasifika, "Wannan yarinya mai sa'a ne, uwa biyu gare shi! Wanda ya haife shi ya taso tun daga Nguru. To, mahaifiya, ke za ki fara."

Ta miƙo min lasifikar.

Na ji Yaya ta sandare a gefena. Rabin matan da ke wurin maƙwabtanta ne, da yawansu ba su taɓa sanin ba ita ta haifi yarinyar ba. Shekara da shekaru tana wanka da wanki da jinyar ƙyanda, yau an sanar a lasifika. Yaya ta ce a hankali, "Malama, mu ba ma haka."

Malamar ta ɗauka ɓacin rai ne tsakaninmu. Ta dafa kafaɗata tana dariya. "Babu komai, Mama, yau ranar farin ciki ne. Kira shi kawai."

Na miƙe don ban san abin da zan yi ba. Lasifikar ta yi min nauyi a hannu. Idan na kira sunan nan a gaban Yaya, kafin in koma Nguru labari ya riga ni: ta je har makaranta ta karɓe 'yarta a bainar jama'a, ta tozarta wadda ta riƙe mata. Surukata ba za ta sake cin tuwona ba. Idan kuma na yi shiru, ga yarinya tsaye a rana, ita kaɗai ce a ajinsu da ba a kira ba. Tsofaffin da suka gane suka fara tsaki ƙasa-ƙasa. Na ji wata a baya tana cewa, "Kai, wannan malama, 'yar fari ce fa." Ba wanda ya faɗa da ƙarfi, don ba a so a kunyata malama a gaban ɗalibanta.

Na sunkuya na ce, "Yaya, ki kira ta mana."

"Ai an ce mahaifiya," in ji ta, idonta na kan fili. "In za ki kira ki kira. Ba ni na hana ki ba."

Raina ya ɓaci har na ji ɗaci a bakina. Na ji haushin malamar da gilashinta, na ji haushin Yaya da ta zaɓi wannan lokacin ta yi zuciya, na ji haushin mijina da lemonsa. Shirun ya yi tsawo har aka ji kukan akuya a bayan katanga. Sai wani yaro daga cikin 'yan ajin ya ce da ƙarfi, "Mamarta ta manta sunanta!" Yara suka kwashe da dariya.

Na ga murmushin ya bar fuskar yarinyar. Leɓenta na ƙasa ya fara rawa, ta cije shi. Mafitan nan biyu suka sauka gefen cinyoyinta. Nan na ce a raina duk abin da zai faru ya faru, surukata ta yi fushi har ta gaji. Na ɗaga lasifikar, na ja numfashi. Sunan yana kan harshena, na ji shi, ni na san irin daɗin da yake min a zuci tun ranar suna.

Ban kai ga buɗe baki ba ta taho. Ta sunkuyar da kai yadda ake koya wa 'ya'yanmu, ta tako a hankali, ta wuce ta gabana har gefen siket ɗinta ya taɓa zanena, ba ta ɗago ba. Ta durƙusa a gaban Yaya, ta haɗa mafitan biyu ta ɗora mata a cinya.

"Inna, ga shi," in ji ta.

Tsofaffi suka ɗauki guɗa. Yaya ta jawo ta jikinta, ta kira sunanta har sau biyu, ta ce 'yarta ce mai kunya da sanin ya kamata. Aka yi tafi fiye da na kowa. Malamar ta karɓi lasifikar daga hannuna tana kallona a ruɗe, aka wuce kan yaro na gaba. Na zauna na yi tafi ni ma, don hannuwana su sami abin yi.

Da aka tashi, mata suka yi ta zuwa suna yaba min. Wata ta ce na yi abin da ya dace, wata ta ce irin wannan tarbiyya ta yi wuya yanzu. Malamar ta same ni a bakin ƙofa, an riga an yi mata bayani, idonta ya yi ja. Ta ce in yafe mata, ba ta sani ba. Na ce ba komai, kuma a lokacin ba ni da ƙarfin yin faɗan da na tanada mata.

Yaya ta sa yarinyar ta ɗauko min jaka zuwa bakin titi. Muka tsaya mu biyu muna jiran adaidaita, ba mai ganinmu sai mai sayar da kankana. Na so in ce mata wani abu, ko da kitsonta ne in ce ya yi kyau. Ta riga ni. Ta miƙo jakar da hannu biyu, ta rusuna, idonta a ƙasa.

"Adda, Allah ya kiyaye hanya. A gaida mutan gida."

Na ce, "Za su ji."

Surukata ta yi mako tana ba baƙi labarin, tana cewa jikarta ta fitar da mu kunya. Ni kuwa ciwon abin bai sake ni ba, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa, don a idon kowa lafiya aka rabu. Yarinyar tana zuwa mana hutu kamar da, tana gaishe ni da ladabi, tana taya ni wanke-wanke. Makarantar ba ta fasa bikin ba, an ce ma yanzu malamar takan bi gida-gida ta tambaya kafin ta ajiye kujeru. An sake yi bara, an yi bana. A bakin ƙanwar yarinyar da ke wurina na ji, don ba a kira ni ba.