Wayar da Na Buga Babu Layi

Wasu shekaru da suka wuce, lokacin da duk Jos ta koma shafa waya da yatsa, ni ina nan riƙe da 'yar tocilata. Wayar nan ta tsufa, har in ta yi ƙara sai ka rantse tsohuwar akuya ce ke tari. Da kyauro biyu na ɗaure bayanta.

A shekarar ne maiɗakina ta rasu. Wata bakwai bayanta abokina ya bi ta, wani Bafulatani da muka yi shekara talatin muna zama kan benci ɗaya a Dutse Uku, ni Babarbare ina ce masa bawana, shi yana ce min bawansa. 'Yata tana aikin asibiti a Kano, ɗana yana Legas. Gidan da a da in na yi atishawa mutum uku ke amsa min, ya koma bango kaɗai ke maido min da ita. Mutanen unguwa ba su ga alama ba, don har lokacin ni ne mai sa su dariya a ƙofar masallaci.

'Yata ce ta matsa. "Baba, ka sayi babbar waya mana, mu riƙa ganin fuskarka."

Na ce, "Fuskar da mahaifiyarki ta yi haƙuri da ita shekara ashirin da takwas? Ke ma sai kin ɗanɗana?"

Wata Talata cikin damina na hau keke zuwa kasuwar Taminus. Shagon farko da na shiga, gilashi ko'ina, fitilu kamar ana bikin 'yar gwamna, ga na'urar sanyi a kunne. A Jos! Mai shagon bai ko dubi fuskata ba, ya dinga jero min giga da kyamara da batir kamar mai tallar maganin basir. Ya sa layina a wata doguwar waya, ya ce, "Alhaji, kira wani ka ji sauti. Sa a sifika."

Na kira 'yata. Ta yi ta ƙara har ta gaji ta katse. Na kira ɗana, ƙara biyu ya kashe, na san yana gaban oga. Sai yatsana ya tafi inda ya saba, ya danna lambar abokina. Matar kamfani ta sanar da duk wanda ke shagon cewa wannan lamba ba ta aiki.

Na ce, "Ai mutanena duk manya ne, suna mitin." Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce wayar ta yi min nauyi, na karɓi layina na fito. Ba ta da nauyin komai.

Ruwa ne ya kore ni shago na biyu, wani ɗan akurki a ƙarƙashin matakalar bene. Wata mata ce a ciki, sa'ata, 'yar asalin Filato, da rigar sanyi da tabarau a kan hanci, tana cin gasasshiyar masara.

"Oga, shigo mana, ruwa zai dake ka. Zauna." Ta karya masarar ta miƙo min rabi.

Na ce, "Madam, waya nake so wadda za ta mai da ni saurayi a hoto."

"Wannan ba a kawo shi ba tukuna," in ji ta. "Amma akwai wanda ba zai ƙara maka shekara ba."

Ta tambaye ni ko idona na ganin ƙananan rubutu, ko kunnena lafiya. Waya uku kawai ta fitar. Ta cire layina daga 'yar tocila, ta miƙo min guda ta ce in riƙe in ji a hannu, za mu kira wani mu gwada sauti. Sai wani ya leƙo neman caja, ta juya wajensa.

Ba zan iya sake jin waya tana ƙara babu mai ɗauka a gaban mutane ba. Sai dabara ta zo min. Na yi kamar ina danna lamba, na kara a kunne, na ɗaga murya.

"Kai, bawana! Kana ina? Har yanzu kana bin shanu?"

Na yi shiru daidai inda zai rama, na ƙyalƙyale da dariya. Na ce masa na sayi wayar da ta fi rugarsu tsada. Na sake yin shiru. Wallahi ina jin abin da zai ce, har da yadda yake jan "a'a" ɗinsa. Niyyata minti ɗaya ce. Ban san lokacin da na fara ba shi labarin cewa bencinmu ya karye ƙafa ba a gyara ba, mai shayi har yanzu yakan zuba kofi biyu sannan ya tuna. Muryata ta yi ƙasa. Na ji kaina ina cewa, "Gidan nan ya yi min girma, malam. Tun la'asar nake rufe ƙofa."

A nan idona ya sauka kan gilashin teburinta. Ga layina can a ajiye, kusa da totuwar masara. Ba ta sa shi ba tukuna.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige har in iske ramin kuzar da kakana ya haƙa. Mai neman caja ya tafi tuni. Na ɗago, muka haɗa ido da Madam. Sai ta ɗora tafin hannunta a kan layin a hankali, ta juya tana gyara kwalaye da ɗaya hannun.

Na ce, "To, sai anjima," na sauke wayar.

"Sauti ya fita?" in ji ta.

"Garau."

"Kawo in duba wani abu a baya." Ta juya min baya, ta sa layin, ta kunna. "Oga, ba ni lambarka. Ba mu gwada ƙara ba."

Na faɗa mata. Wayar ta ɗauki kiɗa a hannuna. Ta nuna min yadda ake jan koren madannin amsa kira. Na ja, na kara a kunne. Tana tsaye taku biyu daga inda nake, wayarta a kunne, tana kallon ruwan da ke zuba a waje.

"Halo, Oga. Ina wuni? Ya gida?"

Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, ko a gaban surukai, ranar kalma ɗaya kawai na samu. Da ƙyar na ce, "Lafiya."

"Ka ci abinci yau?"

"Rabin masara."

"Bai isa ba. Maigidana da ya mutu, na yi wata uku ina cin biredi a tsaye. Ka je ka ci tuwo."

Wayar na saya. Ban tambayi gigarta ba. Ɗana da ya zo sallah ya juya ta ya ce, "Baba, wa ya zaɓa maka wannan? Kyamararta kamar an shafa man shanu." Na ce masa wata ƙwararriya ce.

Bayan mako biyu wayar ta yi ƙara ina zaune ni kaɗai a tsakar gida. Madam ce. "Oga, ina gwada waya ne. Yana aiki?" Haka ta riƙa yi lokaci-lokaci, har shekarar da ta rufe shago ta koma ƙauyensu, inda sai an hau dutse ake samun sabis.

Ban taɓa yi mata maganar layin nan ba, ita ma ba ta taɓa yi ba.

Gidan har yanzu yana min girma, ba zan yi muku ƙarya ba. Wayar kuma fuskarta ta tsage, yara sun gaji da cewa in canza. Amma duk Juma'a bayan an sauko masallaci nakan buɗe ta in nemo wani da na san yana zaune shi kaɗai, musamman masu yawan ban dariya irina. In ya ɗauka ya ce, "Lafiya dai?" sai in ce, "Lafiya lau, waya nake gwadawa. Ka ci abinci?"