Teburin da Ya Rungumi Dirka

Akwai ranar da ba ta fita raina, lokacin ina ma'aikaci a hannun maigidana Patron Sani mai walda a Cadawa. Hajiya Rabi mai tuwo ta ba mu aikin babban tebur na ƙarfe, tana so kafin ranar kasuwa, don nata ya karye.

Ga wanda bai san aikin ba: ana yanka bakin kowane ƙarfe a karkace, yadda biyu za su haɗu su ba da kusurwa tsaf. Sai a jera ƙarafa huɗu na gefunan tebur a ƙasa, a ɗiga musu wuta, a gwada, sannan a liƙe a goge. Patron gwani ne a nan, kuma ya san shi gwani ne. Dokokinsa biyu: ba a magana yana kan kusurwa, kuma kusurwar da ya liƙe ba ya sake yanka ta.

Ranar ana zafi na fitar hankali, sai ya jawo ƙarafan cikin rumfa, ya jera su inda inuwa ta fi. Ya sa gilashi ya duƙa. Ni kuwa na ga dirkar tsakiyar rumfa tsaye cikin ƙarafan huɗu.

Na ce, "Patron..."

Ya ce, "Kai! Doka!"

Na koma gefe. Ya liƙe, ya goge har kusurwa tana ƙyalli. Muka ɗaga, dirka ta ce ba inda za a je.

Sai ga Hajiya. Ta zagaya tebur, ta ce, "Sani, halan nan zan dawo da tukwanena?"

Na ce a yanka kusurwa guda, aikin minti kaɗan ne. Ya harare ni kamar na zagi iyayensa, ya ce, "A kwance rumfa."

Haka muka sauke zana da azara cikin rana tsaka, 'yan kabu-kabu suna ta shewa, muka zare tebur ta saman dirka. Hajiya ta sai da tuwonta a kansa. Mu kuwa mako guda muna gasuwa ba inuwa, ina jin haushinsa ina kuma dariya.

Abin da na koya, gwani kan zuba ido ga kusurwa har ya mance da tsakiya. Yanzu da nake da wurina, doka guda na kafa wa ma'aikatana: wanda ya ga dirka, ya yi ihu.