Layin da Saje Audu Ya Ƙi Yarda da Shi

Har yau ban manta da ranar da wani tsohon soja ya hana ni kafa turken wurin haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye bayan Kanya ba. A tsakiyar shekarun dubu biyu ne, ina ƙaramin jami'i a sashen ruwa a Zuru, kuma ni kaɗai ne a ofis na iya karanta hoton tauraron ɗan'adam. Kaina kuwa ya kumbura sosai.

Ga yadda aikin yake. Ƙasar Zuru dutse ce, ruwa ba ya zama sai inda dutsen ya tsage a ƙarƙashi. Tsagewar takan fito a hoto kamar dogon layi mai duhu, saboda itatuwan da ke kanta ba sa bushewa da rani. Sai mu bi layin, mu auna ƙasa da na'urar lantarki, sannan motar haƙa ta zo.

Rijiyar burtsatse ɗaya tak aka ware wa ƙauyen. In ta fito busasshiya, mota za ta wuce Wasagu, mata su ci gaba da tonon yashi a rafi. Na'urar awon tana wani aiki, Injiniya shugabanmu kuma yana sauri, ya ce, "Hotonka ya isa, kafa turke."

Da na isa ƙauyen, na shimfiɗa hoton a kan mota ina yi wa mutane bayanin layin da na zaɓa, sai wani dattijo ya matso. Saje Audu ne, ya yi ritaya daga soja, dattijon coci ne a garin. Ya juya takardar ta fuskanci arewa. Nan na gane ba yau ya fara ganin taswira ba.

"Ɗana, wanga layi naka, mi ka ce shi ne?"

Na ce, "Tsagewar dutse ce, Baba."

"Burtali ne. Hanyar shanu. Duhun da ka gani shingen aguwa ne, da hannuna na dasa rabinshi."

Kunya ta kama ni, har na ji haushinsa. Amma da muka taka, ga aguwa jere, ga kashin shanu. Daga nan ya ɗora yatsa a kan wani ɗan layi dishi-dishi da na raina, ya ce itatuwan ɓaure ne, tun yana yaro bai taɓa ganin sun zubar da ganye ba.

Na koma wurin Injiniya na ce na yi kuskure, a jira na'ura. Ya harare ni, ya ce, "Kwana uku na ba ka." Awo ya nuna busasshen dutse a burtali, ya nuna ruwa a gindin ɓaure. Ranar da aka haƙa, ruwa ya yi tsiri har ya jiƙa mu duka. Saje ya ƙame ya sara mini, yana dariya ƙasa-ƙasa.

Hoton bai yi ƙarya ba, layukan biyu duk yana ɗauke da su. Ni ne ban san garin ba. Shi ya sa har na bar aiki, duk ƙauyen da na shiga, kafin in buɗe taswira sai na tambaya ta ina shanu suke wucewa.