Robar da matar yayana ta wanke

Shekarata ta biyu ke nan ina aiki a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, can gefen Kunci, lokacin da aka yi wa matar yayana tiyatar haihuwa a Ɗambatta. An ciro yaron da rai, ita kuwa da ƙyar ta sha. Likita ya ce kada ta kuskura ta ɗauki ciki sai bayan shekara biyu, in ba haka ba ɗinkin mahaifar zai iya ɓallewa.

Allurar tazarar haihuwa ba ta karɓe ta ba, jini ya yi ta zuba. Ƙwaya kuma mantawa take yi. Yayana ya ce shi dai ba zai sa komai ba, amma in akwai na mata bai hana ba. Dama duk rani Kudu yake tafiya neman kuɗi, don haka na ga kwaroron roba na mata ya fi, tunda har ciwon sanyi yana karewa.

Na yi wa mata da yawa bayaninsa ba tare da muryata ta yi rawa ba. Amma wannan mijinta yayana ne, ciki ɗaya, wanda ya goya ni. Da ta zo asibiti na zaro guda uku, na nuna mata zoben ciki da na waje, idona a kan tebur, na yi ta sauri kamar ana kora ta. Ta ƙulle su a bakin zane ta fita. Har hamdala na yi.

Bayan wata biyu, ana tsakiyar cirar gyaɗa, ta zo da yaron a goye. Ta jira layi ya ƙare.

“Likitar gidanmu,” in ji ta, “abin nan naki ba shi da ƙarko. Na ukun ma ya fara yagewa.”

“Yaya, wane na ukun? Ba ki zo kin karɓi wasu ba?”

“Wasu na me? Ai wankewa nake da sabulu, in shanya a bayan gado inda yara ba sa gani.”

A gidanmu ledar shinkafa ma ba a yarwa, wanke ta ake a rataye a jikin danga. Wace mace ce za ta jefa sabon abu a masai don an yi amfani da shi sau ɗaya? Ni ce ban faɗa mata ba.

Na tambaye ta rabonta da al'ada. Ta ce da shayarwar nan ba ta ma gan ta ba. Na miƙa mata ɗan kofin fitsari. Mintunan da na yi ina kallon tsinken gwajin nan, tabon cikinta kawai nake gani, kuma tsoro nake ji sosai.

Layi ɗaya ya fito. Babu ciki.

Na rufe ƙofa, na farke sabo, na sake bayani tun daga farko ina kallon idonta, kowane abu da sunansa. Sau ɗaya, a murɗe bakin, a jefa a masai. Na sa ta maimaita.

Ta gyara goyonta, ta ce, “Ran nan ma na so in tambaye ki. Na ga kina jin kunya, sai na ƙyale ki.”